Masanin lissafi ba mai saurin ƙirga ba ne

A ƙauyukan Ringim da Gumel, in yaro ya iya haɗa kuɗin buhunan riɗi da ka, sai a ce ga masanin lissafi. Baiwa ce, amma ba ita ce sana'ar masana lissafi ba. Yawancin lokacinsu yana tafiya ne wajen bayyana dalilin da ya sa amsa ta fito haka.

Haɗa 1, 3, 5 da 7, ka samu 16, wato 4 sau 4. Ƙara 9, ga 25, wato 5 sau 5. Me ya sa kullum in ka haɗa lambobin mara a jere daga 1, sai ka samu wata lamba sau kanta? Ajiye tsakuwa ɗaya a ƙasa, ka jera uku ta gefenta biyu, sannan biyar. Tsakuwoyin sun zama murabba'i, mai faɗi da tsawo daidai, kuma kowane layi yana ƙara masa faɗi da tsawo da tsakuwa ɗaya. Yanzu ka san dalili, ko da lambobin sun kai dubu.

A 1976, masana lissafi Appel da Haken a Amurka sun tabbatar da taimakon kwamfuta cewa launi huɗu sun isa a shafe kowace taswira ba tare da maƙwabta sun yi launi ɗaya ba. An karɓi sakamakon, amma masana da dama sun yi ƙorafi, don ba wanda zai iya bin lissafin da hannu ya ga dalilin.