Waiwaye: halittun da ke cikin hanjinmu da ciwon da muke cewa gado ne

Jiya a tsakar gidan gwaggona a nan Garwa aka taso da zancen ciwon suga, ita tana da shi, yayanta ma shi ya yi ajalinsa, sai ta ce min ɗana ai wannan gadon gidanmu ne, sai haƙuri. Ban musa mata ba don lallai akwai gado a ciki. Amma na kwana ina tunanin cewa ba jini kaɗai 'yan gida ɗaya suka haɗa ba, tukunya ɗaya suke ci, kuma bakteriyan da ke hanjinsu ma kama suke yi da juna.

Maganar ta daɗe fa. Tun 1681 wani ɗan kasuwar yadi a Holan, Leeuwenhoek, ya duba bayan gidan da ya yi da madubin ƙara girman abu da ya haɗa da hannunsa ya ga ƙananan halittu suna motsi. A 1907 kuma Metchnikoff na cibiyar Pasteur a Faransa ya ce nono mai tsami da manoman Bulgeriya ke sha ne yake sa su tsawon rai, abin da duk mai shan kindirmo da fura zai ji daɗin ji, ko da yake hujjarsa ba ta kai ba. Daga nan antibiyotik, wato maganin kashe bakteriya, ya zo ya ceci rayuka ba adadi, mutane suka ɗauka duk bakteriya abokin gaba ne.

A 2006 ne abin ya juya. A ɗakin binciken Jeffrey Gordon a Amurka aka ɗebi bakteriyan hanjin ɓeraye masu ƙiba aka sa wa waɗanda ba su da ko ɗaya a cikinsu, sai ga shi sun fi tara kitse a kan waɗanda aka sa wa na siraran ɓeraye. Kenan halittun nan, da aka ƙiyasta sun kai tiriliyan 38 a jikin babban mutum, suna da hannu a yadda jiki ke sarrafa abinci. A 2012 a Caina aka ga bakteriyan hanjin masu ciwon suga sun bambanta da na masu lafiya, saidai daga baya aka gane maganin suga na metformin shi kansa yana canza su, wato ba kowane bambanci ba ne sanadin ciwo, wani lokacin ciwon ne ko maganinsa ya kawo shi.

Bincike biyun da suka fi taɓa ni a Afirka aka yi su. A 2010 an gwada yaran wani ƙauye a Burkina Faso masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence na Italiya, aka tarar na ƙauyen sun fi yawan ire-iren bakteriya, musamman masu narka dusar hatsi. Wannan ai abincinmu ne, tuwon dawa da miyar kuka da yakuwa, wanda yanzu yaranmu ke ture wa suna neman burodi da taliya da lemun kwalba. Sai na 2013 a Malawi, tagwaye ne ɗaya da tamowa mai kumburi ɗaya lafiya lau, uwa ɗaya kwano ɗaya, da aka sa wa ɓeraye bakteriyan mai tamowar aka ba su irin abincin garin sai suka rame.

To ina gadon yake? Yana nan. A 2001 an gano ƙwayar gado mai suna NOD2 tana da alaƙa da ciwon hanji na Crohn, kuma aikinta shi ne gane bakteriya. Amma wani bincike a Isra'ila a 2018 kan mutane wajen 1,000 ya nuna abinci da magunguna da wanda kake zama da shi sun fi gado tasiri a kan abin da ke hanjinka.

Shi ya sa wallahi raina ke ɓaci in na ga mai tallan magani a kasuwa yana ƙirga wa uwa kafso huɗu na amoksisilin don yaro yana mura, ba likita ba takarda, gobe kuma Flagyl don ciki ya ɗan murɗa, alhali duka antibiyotik ne da ke taɓa har bakteriyan hanjin nan. Ban ce mai sikila ya bar penisilin ɗin da likita ya rubuta masa ba, ko gwaggo ta ajiye maganinta ta koma kindirmo, a'a. Na dai roƙe ta da safen nan ta mayar da tuwon dawa na dare maimakon shinkafa, ta ce sai in zan riƙa kai mata niƙa, na ce na ɗauka.