Yaronka na Kwatano, dokar wace ƙasa ce a kansa?

A Agege da Alaba Rago da Idi-Araba a Legas, da wuya ka samu babban ɗan kasuwa da bai ajiye wani a waje ba. Wannan yana da yaro a tashar jirgin ruwa ta Kwatano mai bin takardun motoci, wancan yana da mai karɓar kaya a Akra, wani kuma a Dubai yake da mai zaga masa kasuwannin Deira yana turo hotuna ta WhatsApp. Ƙarshen wata Alhaji ya tura kuɗi, in Sallah ta zo ya ƙara da goron Sallah, shi ke nan. Ka tambaye shi takardar ɗaukar aiki, sai ya ce maka, "Haba Malam, ai yarona ne, amana ce tsakaninmu."

Amana tana da kyau, amma ofishin ƙwadago na Kwatano bai san "yarona" ba. Ma'aikaci ya sani da wanda ya ɗauke shi aiki. Ƙa'idar da akasarin ƙasashe suke bi kuwa ita ce, dokar wurin da mutum yake zaune yana yin aikin ita ce a kansa, ko ina ofishin maigidan yake, ko daga ina kuɗin yake fitowa. Ko kun rubuta cewa dokar Najeriya za ku bi, kotun can ba za ta yarda a rage wa ma'aikaci haƙƙin da dokarsu ta wajabta ba. Ƙari kana iya yi masa, ragi ne ba ka da iko.

Mu fara da abin da muka saba a gida. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun shekara na kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan ya cika wata 12, da kwana 12 na jinya idan likita ya ba da takarda. Mace mai ciki tana da mako 12, ana biyanta aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 tana aiki. Takardar sharuɗɗan aiki kuma, an ba maigida wata 3 ya miƙa ta. Wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawu. Manajoji da ƙwararru abin da ke cikin yarjejeniyarsu ake dubawa.

Yanzu ka tsallaka iyakar Seme. A Jamhuriyar Benin ma'aikaci yana tara kwana 2 na hutu a kowane watan da ya yi aiki, kwana 24 ke nan a shekara, ninki huɗu na namu. Hutun haihuwa mako 14 ne. Mafi ƙarancin albashi sefa 52,000 ne tun Janairun 2023, kuma dole a yi wa ma'aikaci rajista a asusun inshorar ma'aikata na CNSS ana zuba masa kuɗi. Tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Mile 2 a Legas, amma lissafin ya riga ya sauya gaba ɗaya.

A Gana hutun kwana 15 ne na aiki a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2003. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne fansho. A nan gida maigida yana zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, kuma dokar fansho ta 2014 ta ambaci kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama, shi ya sa ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su taɓa jin nauyinta ba. A Gana ko mutum ɗaya ka ɗauka, hukumar fansho ta SSNIT tana jiranka: kashi 13 daga aljihunka, kashi 5.5 daga albashinsa. In tushen albashinsa sidi 3,000 ne, za ka ɗora 390 a kai duk wata, ka kuma cire 165 daga nasa ka haɗa ka kai. Wanda bai sa wannan a lissafi ba tun ranar ciniki, daga ribarsa zai fita.

Wani zai ce ai duk ECOWAS ce. Gaskiya ne yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasa izinin shiga ya zauna kwana 90 ba biza.  Amma ba ta haɗe dokokin ƙwadago ba, ba ta haɗe na haraji ba.

Dubai ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin a can ne al'adarmu da doka suka haɗu a kan kalma ɗaya: sallama. Mu a wajenmu, yaro in ya daɗe yana bauta wa maigida, ranar rabuwa ana ba shi jari ko a yi masa aure, gwargwadon halin maigidan da hasken zuciyarsa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba a bar wa zuciyar kowa ba, doka ta yi lissafin. Baƙon ma'aikaci da ya cika shekara ɗaya yana da kuɗin kwana 21 na tushen albashinsa a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sai kwana 30 a kan kowace shekara bayan haka, muddin jimillar ba ta wuce albashin shekara biyu ba. A ce tushen albashinsa dirhami 3,000 ne, wato 100 a rana, ya kuma yi shekara bakwai. Biyar na farko 10,500, biyun ƙarshe 6,000, jimilla dirhami 16,500, kuma cikin kwana 14 da ƙarewar aiki za a biya. Turamen shadda da wayar da ka ba shi a baya ba sa rage ko sisi daga ciki. Kyauta ce, ta tafi a kyauta. Hutun shekara kuma kwana 30 ne, wanda bai ci ba sai a mayar masa da shi kuɗi ranar sallama.

Akwai kuma wata dabara da ake yi wadda ni ban taɓa ganin hikimarta ba. Tun da kamfaninka na Legas ba shi da rajista a can, sai ka roƙi aboki ya sa yaron a bizar kamfaninsa. A takarda abokinka ne maigidansa. Shi ne zai riƙa biyan albashi ta tsarin kare albashi, wanda ta bankuna da gidajen canjin da aka amince da su ake bi don ma'aikatar ƙwadago ta ga shigar kuɗin. Ranar da kuka ɓata da yaron, ƙarar abokinka zai kai. Sa mutum aiki ba tare da izinin ma'aikatar ba kuwa, tun gyaran dokar 2024 tararsa tana farawa ne daga dirhami 100,000. Ka ɗora wa wanda ya yi maka alheri kayan da ba nasa ba.

Batun yadda kuɗi ke tafiya ma abin dubawa ne. Ba wa ɗan canji naira a Legas ya ba da sefa a Kwatano yana da sauri, amma ba ya barin shaidar da alƙali zai karɓa. Ma'aikaci ya ce wata shida ba a biya shi ba, da me za ka kare kanka? Harajin albashi kuma galibi ƙasar da ake aikin ce ke da shi. Wanda yake zaune a Akra ba na hukumar harajin Jihar Legas ba ne, na hukumar Gana ne. Dubai ba ta karɓar harajin albashi, amma wanda ya ɗauki ɗan'uwa a Ingila ya kula masa da ciniki ta intanet ya shiga wani babi dabam: haraji ana cirewa tun kafin albashi ya isa hannu, hutu kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako, takardar sharuɗɗa kuma tun ranar farko.

To ina mafita? Mai babban ciniki ya buɗe reshe ko kamfani a can ya huta. Mai mutum ɗaya ko biyu yana iya bi ta kamfanonin da sana'arsu ke nan: su ne masu ɗaukar aiki a takarda, su biya albashi da haraji da fansho bisa dokar ƙasar, kai kuma ka biya su ladansu duk wata. Da tsada, amma da sauƙi a kan shari'a a ƙasar da ba ka jin harshen kotunta.

Hanyar da aka fi rugawa ita ce a kira mutum ɗan kwangila don a kauce wa duk wannan. Tana halatta idan da gaske ne: yana da wasu abokan hulɗa ban da kai, shi ke tsara lokacinsa, ana biyansa bisa aikin da ya gama. Amma in kai kaɗai yake yi wa aiki, kai ke ce masa fita ko zauna, kuɗinsa kuma tsayayye ne duk wata, to ma'aikaci ne ko me aka rubuta a saman takardar. Kotun Ƙolin Birtaniya ta nuna haka a shari'ar direbobin Uber a 2021, inda ta duba yadda aikin yake gudana ta ƙyale sunan da aka laƙaba musu. Sannan in mutumin naka yana ƙulla ciniki da sunan kamfaninka a kai a kai, hukumar harajin can tana iya cewa kamfanin naka ya kafu a ƙasarsu, ta nemi rabonta daga ribar.

Saura zuwa gida. Yawancin yaranmu hutunsu shi ne tafiyar Sallah, su yi mako biyu ko uku a Kano ko Sakkwato su dawo, ba wanda ya rubuta komai. Ana iya lissafa wannan a cikin hutun shekara, in dai an rubuta ranar tafiya da ranar dawowa ya sa hannu. Sai dai a Gana ranakun hutun gwamnati ba sa shiga lissafin hutun shekara, kuma Ƙaramar Sallah da Babba duk hutun gwamnati ne a can. Sai ka cire su tukuna, sannan ka ƙirga abin da ya ci daga kwana 15 ɗinsa.