Waiwaye: Daga zauren mai gida zuwa ƙofar coci, yadda Kumasi ke saukar baƙo

Tun kafin a aza tubalin cocin farko a Kumasi, babban birnin Ashanti a ƙasar Ghana, garin ya san saukar baƙo. Lokacin da Thomas Birch Freeman na mishan ɗin Wesley ya iso a 1839 yana neman ganin Asantehene, sarkin Ashanti, Musulmi 'yan kasuwa da malamai sun riga sun daɗe a garin. Sai dai babbar kasuwar fataken Hausa a wancan zamani Salaga ce, a ƙasar Gwanja, can Tonawa, wato mutanen Ashanti, ke kai goro. Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, aka kama Asantehene Prempeh a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Daga nan hanyar kudu ta buɗe wa kowa. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, koko ya yi daraja, zongo, unguwar baƙi, ya fara cika.

Abin da ya riƙe zongon nan shi ne mai gida. Farke ya iso da shanu ko kanwa ko tufafi, bai san kowa ba, bai iya Tonanci ba, sai ya tambayi gidan mutumin garinsu. Mai gida ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. In rigima ta kai gaban Sarkin Zongo, shi ne bakinsa. In ajali ya riske shi a nan, shi zai nemi likkafani, ya aika wa dangi. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, to mai gida ne ɗan jagoransa. Kowace ƙabila ta yi nata sarkin a kan wannan tsari: Mossi, Zabarmawa, Wangarawa, Kotokoli, Busanga, Frafra. Sunan Moshie Zongo kaɗai ya isa shaida.

Ba duk masu sauka a zongo ne Musulmi ba. Da yawa daga cikin leburorin da suka gangaro gonakin koko da ramukan zinariya na Obuasi masu addinin gargajiya ne. Amma wanda ya ba ka tabarma da tuwo, ya samo maka aiki, harshensa za ka koya, sau da yawa kuma sallarsa za ka bi. Haka Hausa ta zama harshen zongo har a bakin wanda kakansa bai taɓa taka Kano ba.

Coci-cocin Kumasi kuwa hankalinsu na wani wajen. Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel, wanda Tonawa suka riƙe daga 1869 zuwa 1874, ya dawo a 1896 ya kafa aikin da ya haifi cocin Presbyterian mai sunansa a Adum. Shi da takwarorinsa 'yan ƙasa suka zo nema, wa'azi da waƙa da makaranta duk da Tonanci da Turanci. Ɗan arewacin Ghana mai sassabe a gonar dattijon coci, lebura ake ganinsa, kuma akwai sunayen raini da ake kiransa da su waɗanda ba sai na maimaita ba. Ba a kore shi daga coci ba, ba a dai yi tunanin za a gan shi a ciki ba.

Sauyin daga arewa ya zo. Fada-fadan Katolika na White Fathers sun sauka Navrongo a 1906, suka isa Jirapa a 1929, a 1932 kuma 'yan ƙabilar Dagaaba suka rungumi Kiristanci dubbai dubbai. Assemblies of God ta shigo ta Yendi a 1931. Don haka ba a daɗe ba 'yan ci-rani suka fara isowa kudu da takardar baftisma a aljihu. Wannan baƙo ba a iya cewa ba ɗan gida ba ne, amma yana zama a bencin baya ba ya fahimtar komai sai Amin. Su da kansu suka nemi mafita: suka haɗa ƙungiyoyin 'yan gari, suna taruwa bayan sujada, suna karo-karo don jinya da kai gawa gida. Wato aikin mai gida suka shigo da shi harabar coci. Peter Dery, wanda ya zama bishop na Wa a 1960, ya shigar da harshen Dagaare da kiɗan gargajiya cikin sujada, abin ya biyo mutanensa har kudu.

A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Zongo ya girgiza. Tsofaffin Aboabo da Sabon Zongo har yau suna ba da labarin gidaje da shagunan da aka sayar da arha, da mutanen da aka haifa a nan aka ce su koma ƙasar da ba su sani ba. A 1983 abin ya juyo, Najeriya a zamanin Shehu Shagari ta kori 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya, suka dawo cikin fari da gobarar daji da yunwa. A wannan shekara coci-coci suka shiga rabon abincin agaji gadan-gadan, kuma da 'yan gudun hijirar Laberiya suka sauka sansanin Buduburam a 1990, Majalisar Kiristocin Ghana da sakatariyar Katolika suna cikin masu hidimar sansanin. Hidimar sansani dai daban take da ta gari. A sansani akwai rajista da layi, a Kejetia kuwa, babbar kasuwa da tashar motar Kumasi, mutum saukowa yake daga mota da asuba ya ɓace cikin jama'a.

A ƙarshen shekarun 1980 Presbyterian ta fito da shiri na musamman don 'yan arewa mazauna kudu, Northern Outreach Programme, inda kowace al'umma ke yin sujada da harshenta ƙarƙashin jagorancin mutanenta, tare da koyon karatu da sana'a. An yi muhawara a kai, har yanzu ana yi. Masu suka na cewa an ware su ne a ƙaramin ɗaki alhali babban coci na nan yadda yake. A ganina sukar na da ƙanshin gaskiya, amma wanda bai taɓa zama awa uku yana kallon bakin mai wa'azi ba, ba zai gane darajar ƙaramin ɗakin ba.

Daga nan sai 'yan matan kayaye masu dakon kaya, yawancinsu daga ƙasar Dagomba da Mamprusi, masu kwana a barandar shaguna a Adum da gefen tasha. Babbar diyosis ta Katolika a Kumasi ta buɗe Street Children Project a 2005, sistoci na Daughters of Charity suna kula da shi, da wurin renon jarirai da koyon ɗinki. Yawancin yaran nan Musulmi ne, kuma nan ne zancen ya fi laushi. Iyaye a zongo suna sa ido su ga ko taimakon da ƙugiya a cikinsa. Duk cocin da ya ɗaura keken ɗinki da sharaɗin baftisma ya ɓata wa sauran suna. Zaman lafiyar da ya sa Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya halarci sujadar Ista a cocin Christ the King na Accra a 2019, da irin wannan kiyayewa aka gina shi.

Yau kusan kowane coci na da lokacin baƙi ranar Lahadi. Fasto ya ce duk wanda yau ne zuwansa na farko ya tashi, a tafa, a rera masa akwaaba, wato barka da zuwa, a miƙa masa katin rubuta suna. Wata dattijuwa ta zumuntar mata ta riƙe hannunsa: "Ɗana, daga ina?" Ya ce, "Mama, daga Bawku." Ta ce Allah ya kawo sauƙin rikicin garin, kowa ya kama hanyar gida. Tambayar da mai gida zai fara yi ita ce ba a yi ba: ina ka kwana jiya?

Masu zuwa yanzu sun bambanta. Akwai 'yan Burkina Faso da 'yan bindiga suka koro, waɗanda ake karɓa a Tarikom can Upper East, wasu kuma su zarce kudu wurin dangi. Akwai masu gudun rikicin Bawku. Akwai 'yan kasuwar Najeriya, waɗanda aka rufe wa shaguna a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, a 2019 kan dokar da ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙaramin ciniki. Su dai coci-cocin da suka zo da su daga gida ne masaukinsu na farko. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin kwana 90 ba biza, amma Burkina Faso da Mali da Nijar sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, mutane da yawa sun rikice kan takardunsu. Mai neman mafaka sai ya bi ta Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana, kuma baƙo ba ya son tunkarar ofis shi kaɗai.

Sannan ga ɗaki. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma a Kumasi shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma mai gidan haya ba ya ba wanda ba shi da mai tsaya masa. Coci na da dattawa masu gidaje, yana da asusun jin daɗin mambobi, yana da lauya da nas da mai garejin gyaran mota a benci ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke cikin coci sun daɗe suna haɗa wa sabon zuwa kuɗin ɗakin farko, ya biya a hankali in ya samu aiki. A yawancin wurare har yanzu daga aljihunsu kuɗin ke fita, ba daga baikon Lahadi ba.