Waiwaye: Yadda Mai Piyano Daga Brooklyn Ya Zauna Gaban Malaman Gnawa

Duk shekarar da aka buɗe bikin kiɗan Gnawa a birnin Essaouira na Maroko, sai tsohuwar gardama ta taso. Wasu na cewa haɗa malaman Gnawa, wato manyan makaɗansu, da makaɗan jazz a dandali ɗaya ya fitar da kiɗan duniya, ya kuma samar wa 'yan gado abin sawa a bakin salati. Wasu kuwa gani suke an ɗauko abin da ake kwana ana yi don neman waraka, an mai da shi nishaɗin 'yan yawon buɗe ido. Sa Gnawa da UNESCO ta yi cikin jerin al'adun gado a 2019 bai kashe maganar ba. Galibin masu musun suna fara lissafi ne daga 1998, shekarar da aka soma bikin, alhali haɗuwar ta girmi bikin da wajen shekara talatin.

Gnawa jikokin mutanen da aka kwasa ne daga kudancin Sahara, akasari a matsayin bayi, kuma har yau akwai rukunin waƙoƙinsu da ake jingina wa Hausawa. Baƙon da ya yi fice wajen zama da su shi ne Randy Weston, mai buga piyano, haifaffen Brooklyn da ke birnin New York na Amurka a 1926. Masu bin jazz sun san tarihinsa: faifan Uhuru Afrika a 1960, zuwansa Legas a 1961, rangadin ƙasashen Afirka a 1967 wanda ya ƙare a Maroko, sai zamansa a Tanja inda ya buɗe gidan kiɗa ya kuma haɗu da malamin Gnawa Abdellah El Gourd.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba ya faru ne tun kafin ya taka Afirka. Yana saurayi yana da aboki, Ahmed Abdul-Malik, mai kaɗa bes (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti), wanda ya riƙa jan sa zuwa unguwar Larabawa da ke titin Atlantic a Brooklyn. A can ya ji ud da ƙanun, kayan kiɗan Larabawa masu tsirkiya. Ud ba shi da ƙarafunan da ke raba wuyansa gida-gida, don haka yatsa na iya sauka a ko'ina, kamar dai yadda mai goge ke yi, ya fito da sautin da ke tsakanin sauti biyu. Piyano kuwa an riga an yanka masa iyaka: maɓalli 88, sauti 12 ne ke ta maimaituwa daga ƙasa zuwa sama, babu komai a tsakani. Weston ya koma gida yana laluben waɗannan sautuka a kan abin da ba a ƙera shi da su ba.

Amsar ta zo masa daga wani mai piyano, Thelonious Monk. Da farko da Weston ya ji shi yana buga piyano a ƙungiyar mai busa Coleman Hawkins, ɗauka ya yi mutumin bai iya ba. Daga baya kunnensa ya buɗe. Monk kan danna maɓalli biyu maƙwabta lokaci guda, su yi karo, kunne ya ji kamar akwai na uku a tsakaninsu. Yakan kuma bar gurbi shiru inda wani zai cika da gudun yatsu, yana dukan piyano kamar ganga. Weston ya bi shi har gida, ya shafe awanni a zaune yana jero tambayoyi, maigidan bai ce masa uffan ba. Wata ziyarar ce Monk ya zauna ya yi ta buga masa. Weston ya ɗauki nauyin hannun hagu da tsarin makaɗa daga Duke Ellington, ya ji Count Basie da Nat King Cole da Art Tatum, duk masu piyano, amma a ganina wurin Monk ya koyi zaman almajiri: ka yi shiru, ka saurara, sai an ga dama a ba ka.

Da wannan tarbiyya ya isa Tanja. Bayan ya halarci daren lila, taron neman waraka na Gnawa, inda ake kaɗa gimbiri mai tsirkiya uku da ƙarafuna har asuba, waƙar Sidi Musa ta kama shi. Ya nemi izinin buga ta a bainar jama'a, aka hana shi, ya haƙura har wajen shekara guda kafin a amince. Ita ce ta zama ginshiƙin faifansa na 1972. Da ya ɗauki malaman Gnawa a faifai a 1992, piyanonsa kaɗan aka ji, su ya bar wa fili.

Shi ya sa nake ganin masu gardamar yau suna auna abin da ba shi ne ciwon ba. Haɗa piyano da gimbiri ba sabon abu ba ne, kuma malaman da kansu suka buɗe ƙofar. Abin da ya canja shi ne lokaci. Jadawalin biki yakan sa baƙo ya sauka, a yi gwajin kwana ɗaya ko biyu, a hau dandali, a watse. A irin wannan hanzari babu sararin da malami zai ce wa baƙo a'a, balle baƙon ya jira. Weston ya rasu a 2018 yana da shekara 92, kuma har ƙarshen rayuwarsa sunan da yake kiran ƙungiyarsa da kiɗansa shi ne African Rhythms.