Kiwon gizo-gizo mai tsalle

Gizo-gizo mai tsalle dangi ne na gizo-gizo da masana ke kira Salticidae. Nau'ukansa sun haura 6,000, kuma babu dangin gizo-gizo da ya kai shi yawa. Ba ya saƙa yanar gizo ya zauna jiran ƙuda. Farauta yake yi da rana: ya hango abinci, ya lallaɓa kamar kyanwa, ya daka tsalle ya danne. Tsofaffin littattafan luggar Larabci sun san shi da sunan "laisu", wato zaki, saboda yadda yake kamun ƙuda. A Turai da Amurka kiwonsa cikin ƙaramin akwati ya zama abin sha'awa, kuma abu ne mai yiwuwa a ɗakin Bahaushe mazaunin Makka ko Jidda, inda ake samunsa a bangon gida kyauta.

Siffa da ɗabi'a

Idanunsa takwas ne. Biyu na tsakiya a gaba manya ne, su suke tantance siffa da launi, sauran kuma aikinsu lura da motsi ta gefe da baya. Shi ya sa idan mutum ya kusance shi yakan juyo ya ƙura masa ido maimakon ya ruga, kuma wannan kallon ne yake sace zuciyar masu kiwonsa. Tsallen ba na ƙarfin tsoka kaɗai ba ne. Yana tura ruwan jikinsa cikin ƙafafun baya ne da ƙarfi, su miƙe farat ɗaya. Kafin ya tashi yakan liƙa zare a inda yake tsaye, idan ya kuskure sai ya hau zaren ya dawo. Yawancinsu ba su kai milimita 15 ba. Yana da dafi na kashe ƙwari, amma bai cika cizon mutum ba, cizon kuma ba ya wuce ɗan zafi da ƙaiƙayi ga yawancin mutane. Bai kamata a haɗa shi da tautau da ake tsoro a gida ba.

Nau'in da aka fi sayarwa a duniya shi ne Phidippus regius, ɗan kudu maso gabashin Amurka, musamman Fulorida, wanda macensa ke kaiwa milimita 22. Shigo da shi Saudiyya sai da izinin hukuma, kamar sauran halittun daji, kuma a gaskiya wahalar ba ta da amfani. Akwai Plexippus paykulli, wanda masanin Faransa Audouin ya bayyana a 1826 daga Masar, yana zaune a bangon gidaje a duk ƙasashe masu zafi. Namijin baƙi ne da farin zane a tsakiyar baya, macen ruwan ƙasa, tsawonsu kusan santimita ɗaya. Ya riga ya saba da zafin Hijaz, yankin Makka da Jidda, wanda baƙon Fulorida bai sani ba.

Mazauni

Robar alewa mai haske ko kwalba mai faɗin baki ta isa, tsawonta kamar santimita 15, tsayi ya fi faɗi. A huda ƙananan ramuka a gefe biyu don iska ta ratsa, ko a yanke taga a rufe da raga mai laushi. A sa ɗan busasshen reshe da ɓawon itace. Gizon yana saƙa ɗan buhun kwanansa a can sama, saboda haka robar da ake buɗewa ta sama takan yaga masa ɗaki kullum. Dabarar ita ce a kifa ta, murfi ya koma ƙasa. Ɗaya ake sawa a kowace roba. Idan aka haɗa biyu, da safe ɗaya za a tarar.

A nan yunwa ba ita ce babbar mai kashe shi ba, yanayin ɗaki ne. Zafin Makka yakan haura digiri 45 a bazara, kuma robar da rana ta buga kai tsaye takan zama tanda cikin mintuna. Yana son haske don da ido yake farauta, amma hasken da ya biyo ta labule, ko na fitila. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai busar da iska. Kada a ajiye shi a saitin iskarsa. A Jidda, inda laimar teku ta yi yawa, matsalar takan juye: roba marar isasshen iska sai ta yi fumfuna. Sai maganin feshi na sauro da kyankyaso, wanda ba ya bambanta ƙwaron kiwo da na banza. Hayaƙin turaren wuta ma a nisanta shi, ko da yake wannan sharaɗi ne mai wuya a gidan da uwargida ke da kaskonta.

Ciyarwa

Abinci mai rai yake ci, domin motsi ne ke tayar masa da farauta. Ƙa'idar ita ce kada abincin ya fi shi girma. 'Ya'ya ƙanana ana ba su ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, waɗanda ɓawon ayaba ko dabinon da ya fara lalacewa ke tarawa cikin kwalba. Babba yana cin ƙudan gida, ƙaramin gyare, da tsutsar da masu tsuntsaye ke sayarwa. Ƙuda ya fi, don gyare da tsutsar suna iya cizon gizon idan aka bar su tare. Abin da bai ci ba a fitar da shi kafin dare. Ba a ba shi tururuwa ko cinnaka. Ƙwaron da aka kamo a gidan da aka yi feshi kuwa guba ne a cikin abinci.

Sau biyu ko uku a mako ya wadatar, amma cikinsa ne ma'auni: idan ya yi tumbur a dakata, idan ya motse a ba shi. Ruwa ba a sa masa a kwano don kada ya nutse. Ɗigo kaɗan ake yayyafawa a jikin robar, nesa da shi, ko a sa jiƙaƙƙiyar auduga. Wanda ba zai iya wannan hidimar ba gara ya mayar da shi bangon da ya ɗauko shi. Hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha sananne ne.

Saɓa da ƙwai

Yana yin saɓa sau da yawa kafin ya balaga, daga nan ba ya ƙarawa. Idan lokacin ya zo yakan ƙi abinci, ya shige buhunsa ya toshe na kwanaki. Sabon mai kiwo yakan zaci ya mutu ya yaga buhun, nan ne kuma yake kashe shi da hannunsa. A ƙyale shi, a ci gaba da ɗigon ruwa, domin bushewa na sa ƙafa ta maƙale a tsohuwar fata. Bayan ya fito a jira kwana biyu ko uku jikinsa ya yi tauri kafin a ba shi abinci.

Macen da aka kamo a bango mai yiwuwa ta riga ta haɗu da namiji. Ta Plexippus takan zuba ƙwai 35 zuwa 60 cikin buhun zare, ta tsare su har su fito bayan mako uku zuwa huɗu, 'ya'yan kuma suna iya ficewa ta ramukan iska. Tsawon ransu shekara ɗaya zuwa biyu ne, mace ta fi namiji daɗewa.