Ziyarar gidan tarihin jiragen sama na Washington da abokai: tambayoyi da amsoshi

Gini ɗaya ne ko biyu?

Biyu ne, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na cibiyar Smithsonian yana da babban gini a tsakiyar birnin Washington, wanda aka buɗe a 1976. Na biyun shi ne cibiyar Udvar-Hazy da ke jihar Virginia, dab da filin jirgin Dulles, an buɗe ta a 2003. Tsakaninsu akwai kimanin kilomita 40. Sau da yawa za ka ga ayarin abokai sun shiga na cikin gari suna cigiyar jirgin Concorde, sai a ce musu ai yana can wancan ginin. Don haka ku zauna tun a masauki ku tsai da abin da kowa ya fi ƙwallafa rai a kai.

Nawa ake biya, kuma yaya ake shiga?

Shiga kyauta ce a duka biyun. Sai dai na cikin gari yana buƙatar tikiti mai ɗauke da lokacin shiga, wanda ake karɓa kyauta ta intanet. Mutum ɗaya ya karɓa wa kowa, don in kowa ya nemi nasa, za ku tashi da lokuta daban-daban. A Udvar-Hazy kuɗin ajiye mota kawai ake biya, saboda haka ku haɗu a mota ɗaya. Ana buɗewa ƙarfe 10 na safe a rufe 5:30 na yamma, ban da ranar 25 ga Disamba. Ana binciken jaka a ƙofa. Wuƙa, ko da 'yar ƙarama ce a jikin makulli, a bar ta a gida, haka ma sandar ɗaukar hoto da waya.

Za a iya haɗa su a rana ɗaya?

Za a iya, amma ba mu ba da shawarar hakan. Kowane gini yana cin awa uku zuwa huɗu in ana son a gani da kyau, ga cunkoson hanya. Wanda ba shi da mota zai hau jirgin ƙasa na layin Silver zuwa tashar Innovation Center, sannan ya ƙarasa da bas. Na cikin gari kuwa, a sauka a tashar L'Enfant Plaza a taka da ƙafa. Ku kuma tuna Azahar za ta same ku a ciki, ku shirya mata tun kafin ku fito.

Me ya kamata a tsaya a kai sosai a ginin cikin gari?

Jirgin 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, jirgin sama mai inji na farko da ya yi nasarar tashi da matuƙi. Ranar 17 ga Disamba 1903 ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci kimanin mita 37. Kada ku ɗauki hoto ku wuce. Ku dubi sarƙar da ta haɗa injin da farfela biyu: ta yi kama da ta keke, kuma dama ƙera keke da gyaransa ne sana'arsu. Matuƙin kwanciya yake yi rub da ciki a kan fiffiken ƙasa, in ya motsa ƙugunsa sai wayoyi su murɗa bakin fikafikan, jirgin ya karkata. Jikinsa yawanci katako ne da yadi da waya.

Daga nan ku nemi Columbia, ɗakin kumbon da ya dawo da 'yan sama-jannatin Apollo 11 daga tafiyarsu zuwa wata a 1969. Faɗinsa bai kai mita huɗu ba, amma mutum uku suka yi tafiyar kwana takwas da shi. Ku leƙa gindinsa ku ga yadda zafin shigowa iskar duniya ya babbake shi. Akwai kuma jirgin da Charles Lindbergh ya tuƙa daga New York zuwa Faris a 1927. Ba shi da gilashin gaba, tankin mai ne ya tare wurin.

A Udvar-Hazy fa?

Nan ne manyan jirage suke. A 2012 aka kawo kumbon Discovery bayan ya je sararin samaniya sau 39, aka bar shi da tabon ƙuna a jikinsa. Jirgin leƙen asiri SR-71, a lokacin da yake aiki, yana gudu fiye da sauti sau uku. An bar sarari tsakanin ƙarafan jikinsa domin zafi na buɗa su a sama, shi ya sa yake yoyon mai in yana ƙasa. Jirgin Enola Gay ma na nan, wanda ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, wuri ne da ya cancanci a rage surutu. In ƙafa ta gaji, ku hau hasumiyar kallo ku ga jirage na sauka a Dulles.

Yaya za a yi kada ayari ya watse?

Mutum shida ba sa tafiya da sauri ɗaya, wani sai ya karanta kowane allo, wani hoto kawai yake so. Ku rabu biyu-biyu, ku zaɓi babban jirgi ɗaya da ba ya ɓoyuwa, ku ce a haɗu a ƙarƙashin hancinsa ƙarfe kaza.