Waiwaye: Yadda Kiɗan Fim Ya Shiga Wasannin Bidiyo na Yaƙi

Tun da masu ba da kyautar Grammy a Amurka suka ware wa kiɗan wasannin bidiyo rukuni na kansa a shekarar 2023 ake ta ja-in-ja a tsakanin ma'abota wasannin. Wasu na murnar cewa an daraja sana'ar da aka daɗe ana rainawa, wasu kuwa na ƙorafin cewa kiɗan wasannin faɗa da harbi na yau duk ya zama iri ɗaya, rugugin ganguna da busar ƙaho kawai, har mutum ya kashe na'ura bai riƙe karin da zai iya rerawa ba. Masu ƙorafin sukan yi magana kamar jiya abin ya faro, alhali tushensa ya haura shekara 25.

Farkon labarin sananne ne. Na'urar wasa ta Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983 muryoyi biyar kacal take iya fitarwa a lokaci guda, don haka dole mai tsara kiɗa ya dogara da gajeren kari mai shiga kai. A 1987 Koichi Sugiyama ya jagoranci makaɗa a zauren Suntory da ke Tokiyo suka buga kiɗan wasan Dragon Quest, amma a zaure aka yi wannan, cikin wasan kuwa na'ura ce ke ci gaba da ƙararta. Sai PlayStation ta zo a 1994 da faifan CD mai ɗaukar sautin da aka naɗa.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1997, shekarar da kamfanin DreamWorks Interactive ya fitar da wasan The Lost World: Jurassic Park. Wasan bai yi wani abin a zo a gani ba, an ma yi ta kukan wahalarsa, shi ya sa aka manta da shi. Amma yana cikin wasannin na'urar gida na farko da aka tara cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, masu goge da masu busa da masu ganguna, aka naɗi kiɗansu aka sa a faifai. Wanda ya tsara kiɗan, Michael Giacchino, bai cika shekara 30 ba a lokacin. Bayan shekara biyu aka sake ba shi aikin Medal of Honor, wasan Yaƙin Duniya na Biyu da mai shirya fina-finai Steven Spielberg ya kawo tunaninsa, aka naɗi kiɗan a birnin Siyatil tare da makaɗan Northwest Sinfonia. Duk wanda ya saurari wannan aiki na 1999 zai ji cewa kari ne ginshiƙinsa: jarumin wasan da takensa, sojojin Nazi da nasu, kuma kowane take yana dawowa cikin sabuwar kama gwargwadon inda labari ya kai.

Sai dai naɗar makaɗa ta zo da matsalar da fim ba shi da ita. A fim an san daƙiƙar da za a buɗe ƙofa, mai kiɗa ya auna bugunsa a kanta. A wasa kuwa wani zai ratsa fili cikin minti biyu, wani ya ɓata minti ashirin yana laɓe a bayan katanga. Kafin wannan lokaci na'ura ce ke buga kiɗan nan take daga rubutattun umarni, saboda haka ana iya juya shi ya bi ɗan wasa. Kamfanin LucasArts ya nuna haka tun 1991 da tsarinsa mai suna iMUSE. Kiɗan da aka naɗa kuwa ya daskare a tsawonsa, ba a da zaɓi sai a yi ta maimaita shi ko a yayyanka shi guntu-guntu. Kari mai daɗi idan ya zagayo sau goma sai ya gunduri kunne, kuma idan aka datse shi a tsakiya kowa zai ji. Bugun ganga da dogon amo kuwa a ko'ina aka yanke su ba wanda zai lura. A ganina nan ne asalin abin da ake kuka da shi yau: waɗanda suka biyo baya sun gaji girman sautin da kwarjininsa, yanayin aikin kuma ya riƙa tura su nesa da karin da ya sa aka so na farkon.

Giacchino ya tsara kiɗan wasan yaƙi na Call of Duty na farko a 2003, daga nan ya karkata ga talabijin da fina-finai, har ya ci kyautar Oscar a 2010. Wasannin yaƙi kuwa suka ƙara tsawo da faɗin fili, aka shiga zamanin da ake buga su ta intanet sa'o'i ba iyaka, buƙatar kiɗan da ke yankuwa ta ƙaru. Yanzu a ɗakunan naɗar sauti na Landan da Prag da Budafest sau da yawa akan naɗi masu goge daban, masu busa daban, masu ganguna daban, domin kwamfuta ta harhaɗa su yayin da ake wasa.